Wa ya cancanci tallafi, kuma wa zai tantance?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masana cikinmu. Duk ƙasar da gwamnati ke ba da tallafin jin daɗin jama'a, ƙorafi biyu ne ke tashi tare. Wasu su ce waɗanda ba su cancanta ba sun cinye, wasu su ce sun cancanta amma an hana su. Abin da ya ɗaure min kai, yaya duka biyun za su zama gaskiya a shiri guda? In tantancewar ta yi tsananin da take hana mabuƙaci, ta ina macuci ya bi ya shiga?

Ɗanladi: Wa alaikumus salam. Malam, ai amsar a fili take, tantancewar ce ba ta yi tsanani ba. Kuɗin nan haraji ne, gumin wani ne. A ƙara matsewa. Duk mai so ya kawo takardunsa cif, wanda ya kasa ya koma gida. Mabuƙaci na gaskiya ba zai ƙi 'yar wahala ba.

Hajiya Rabi: Ɗanladi ƙanina, na daɗe ina aikin karɓar takardun masu neman tallafi kafin in yi ritaya, bari in gaya maka abin da ake gani daga bayan tebur. Wanda ya fi kowa iya cika fom shi ne wanda ya fi kowa rashin buƙatar kuɗin. Ya yi karatu, yana da waya mai intanet, yana da abin da zai shiga mota ya je ya dawo, ya kuma san wanda zai tambaya. Amma tsohuwar da idonta ya yi rauni, ko mai larurar ƙafa, ko mai goyon da ba ta da wanda za ta bar wa yara, in ka ce mata "je ki kawo takardar haihuwa", ka gama ganinta ke nan. Kuma a littafi ba za a rubuta an hana ta ba. Za a rubuta ba ta kammala ba. Kowace takarda ka ƙara, macuci zai samo ta, ko ta gaske ko ta bogi. Mabuƙacin ne take tsayarwa a bakin ƙofa.

Malam Habu: Allah ya saka da alheri Hajiya. Wannan "ba ta kammala ba" ɗin ya tsaya min a rai.

Dakta Lawal: Kafin mu yi nisa, a raba zancen, don ba kowane tallafi ne ake tantance shi da ma'auni ɗaya ba. Akwai wanda mutum ya yi ta zuba gudunmawa daga albashinsa, kamar fansho da inshorar rasa aiki. Wannan shi ne tsarin da Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na wancan zamani, ya kafa a ƙasarsa, inshorar rashin lafiya a 1883, ta tsufa a 1889. Cancanta a nan lissafi ce kawai: a Amurka sai ka tara maki 40, wato aikin kimanin shekara 10, kafin ka ci fanshon gwamnati. Rigima ba ta cika yawa a nan ba sai in bayanan aikinka sun ɓata. Akwai kuma wanda ake bayarwa saboda mutum ya faɗa wani rukuni, misali ya kai wasu shekaru ko yana da naƙasa. Inda ake kai ruwa rana shi ne na uku, wanda sai an auna talaucinka. A Birtaniya, mai ajiyar da ta wuce fam 16,000 ba ya samun Universal Credit, wato babban tallafin gwamnati ga marasa aiki da masu ƙaramin albashi, kuma daga fam 6,000 ake fara rage masa. Can abin yana yiwuwa domin albashi da ajiya duk suna da sawu a banki da ofishin haraji. To ina ga inda yawancin mutane ba su da takardar albashi, yau su samu gobe su rasa?

Ɗanladi: To ai shi ne nake faɗi. In ba za a iya sanin abin da mutum ke samu ba, kowa ma sai ya ce shi talaka ne.

Dakta Lawal: Shi ya sa aka ƙirƙiro aunawa ta alamomi. Maimakon a tambaye ka nawa kake samu, sai jami'i ya zo gida ya duba abin da ido ke gani: da me aka rufa ɗakin, daɓen ƙasa ne ko siminti, mutum nawa ke kwana a ɗaki, akwai dabbobi, akwai rediyo ko babur, maigidan ya yi karatu zuwa ina. Kowace amsa tana da maki, kwamfuta ta haɗa, wanda makinsa ya faɗo ƙasa da layin da aka ja ya shiga. Meziko ta yi amfani da irin wannan a shirinta na Progresa da ya fara a 1997, daga nan ƙasashe da yawa suka ɗauka, Bankin Duniya kuma ya yi ta tallata shi. Amfaninsa, da wuya ka ɓoye rufin gidanka. Illarsa, hasashe ne. Masanin tattalin arziƙi Martin Ravallion da abokan aikinsa sun gwada hanyar da bayanan ƙasashen Afirka 9, suka ga tana da kyau wajen tace masu hali, amma tana zubar da talakawa masu yawa tare da su.

Maman Iman: Wallahi Dakta kamar ka san abin da ya sami ƙanwar mahaifiyata. Mijinta ya rasu ya bar mata gida mai rufin kwano da daɓen siminti, ya gina shi lokacin da yake da ƙarfi. Ban da ginin nan ba ta da komai, ga marayu. Masu rajista suka zo suka leƙa, suka rubuta, suka tafi. Da sunaye suka fito babu nata. Muka je tambaya, aka ce na'ura ce ta cire ta. Muka ce to a kan me? Jami'in da kansa ya ce bai sani ba, shi ma maki kawai yake gani. Kwanon za ta ɓamɓare ta ba yaran?

Hajiya Rabi: Allah ya jiƙan mijinta, ya raya abin da ya bari. Irin wannan shi ne ciwon hanyar. Gini yana nuna jiya, yunwa kuwa ta yau ce. Kuma rajistar in an yi ta, sai a shekara ana amfani da ita ba a sabunta ba, alhali wanda yake da hali bara yana iya wayar gari ba shi da shi bana.

Malam Habu: To me zai hana a bar wa mutanen unguwa ko ƙauye su zaɓa? Ai su suka san wanda ya kwana bai ci ba.

Ɗanladi: Haba Malam! A ba masu faɗa a ji? Sai dai su cika takardar da 'ya'yansu da surukansu.

Dakta Lawal: Wannan fargabar kowa na da ita, kuma tana faruwa a wasu wurare. Amma an taɓa gwada hanyoyin biyu kafaɗa da kafaɗa a ƙauyuka 640 a Indonesiya, masanin tattalin arziƙi Abhijit Banerjee na cikin waɗanda suka yi binciken. Wasu ƙauyukan aka yi musu maki na alamomi, wasu aka tara jama'a a bainar kowa suka jera gidaje daga mafi talauci zuwa mafi hali. Makin ya ɗan fi dacewa da lissafin abin da gida ke kashewa, amma tazarar ba ta da yawa. Inda jama'a suka zaɓa da kansu kuwa an fi gamsuwa, ƙorafi ya fi ƙaranci, kuma masu binciken ba su ga alamar manyan gari sun karkatar da abin ga danginsu ba. Abin da ya ja hankalina shi ne, mutanen gari suna duba abin da fom ba ya tambaya, kamar ko mutum yana da ƙarfin da zai nema gobe. Sai dai a lura, a fili aka yi, gaban kowa. Ba ɗaki aka shiga aka rufe ƙofa ba.

Injiniya Bashir: Ni ina ganin duk kuna zagaye ne. Maganin abin nan bayanai ne. Ku dubi Barazil. Tun 2001 suke da rajista guda ta masu ƙaramin ƙarfi, Cadastro Único, a kanta Bolsa Família, shirin ba iyalai matalauta kuɗi, ya hau a 2003. Mutum da bakinsa yake faɗin abin da yake samu, ba a ce sai ya kawo hujja a kan kowane kwabo ba. Daga baya gwamnati ta gwada abin da ya faɗa da sauran bayanan da ke hannunta, na ma'aikata, na fansho, na waɗanda suka rasu. Kuma wajibi ne ka sabunta bayananka duk wata 24. Ka ga an sauƙaƙa ƙofar shiga, an bar wa kwamfuta aikin kama maƙaryaci. Kwamfuta ba ta da ɗan'uwa, ba ta karɓar na goro.

Barista Nafisa: Injiniya, ba ta da ɗan'uwa, amma wanda ya rubuta mata umarni yana da son zuciya da kuskure irin na kowa. Bari in ba ka misali biyu daga ƙasashen da ba wanda zai ce ba su da bayanai.

A Ostareliya gwamnati ta sa na'ura ta riƙa ɗaukar abin da mutum ya samu a shekara daga ofishin haraji, ta raba shi daidai a kan kowane mako biyu, sannan ta gwada da abin da ya shaida wa ofishin tallafi. To wanda ya yi aiki wata uku ya zauna wata tara, sai lissafin ya nuna kamar yana da albashi duk shekara, har da lokacin da yake karɓar tallafi bisa haƙƙinsa. Sai kawai takardar bashi ta iso masa, a ce shi zai kawo hujjar cewa ba a bin sa, ya nemo takardun albashin shekarun baya. Wannan shi ake kira Robodebt. A ƙarshen 2019 gwamnati ta amince a gaban kotu cewa hanyar ta saɓa wa doka, a 2020 ta ce za ta mayar da dalar Ostareliya miliyan 721 a kan basussuka kimanin 470,000. Hukumar binciken da Catherine Holmes ta jagoranta ta miƙa rahotonta a Yulin 2023, kuma ta saurari iyayen da suka danganta mutuwar 'ya'yansu da waɗannan takardu.

Na biyu Holan. Hukumar haraji ta zargi dubban iyaye da zamba a tallafin kula da yara, aka ce su dawo da duk abin da aka ba su na shekaru, wani lokaci a kan kuskure ƙarami kamar sa hannun da aka manta. Samun takardar zama ɗan ƙasa biyu yana cikin abubuwan da aka riƙa ɗauka a matsayin alamar haɗari. Gidaje sun mutu, mutane sun afka bashi. A Janairun 2021 gwamnatin Firaminista Mark Rutte gaba ɗayanta ta yi murabus a kan wannan. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Injiniya Bashir: Barista, waɗannan ai ba laifin na'ura ba ne, laifin waɗanda suka cire mutum daga tsakiya ne. Ni ban ce na'ura ta yanke hukunci ba. Ta ɗaga tuta, jami'i ya duba.

Barista Nafisa: In haka ne mun haɗu. Sai dai ka san abin da ke sa a sayo na'urar tun farko shi ne a rage jami'an. Kuma jami'in da aka jibga wa fayil fiye da ƙarfinsa, abin da allo ya nuna masa shi zai danna.

Maman Iman: Ga kuma batun dangwala yatsa. Tsoho ko wanda ya yi aikin ƙarfi duk rayuwarsa, zanen yatsansa ya goge, na'ura ta ƙi karɓa, a ce ya dawo gobe.

Injiniya Bashir: Wannan kam gaskiya ne, Indiya ta sha fama da shi a tsarin Aadhaar, lambar shaidarsu ta ƙasa da ake haɗawa da zanen yatsa. Da kotun ƙolinsu ta halatta amfani da shi wajen rabon tallafi a Satumban 2018, ta ce kada a hana wanda ya cancanta haƙƙinsa don na'ura ta kasa gane shi, a karɓi wata shaidar. Matsalar ita ce ko jami'in da ke can ƙarshen layi ya san da wannan. Sannan ƙiyasin Bankin Duniya na 2021 ya nuna mutum kimanin miliyan 850 a duniya ba su da katin shaida na hukuma ko ɗaya. In ka sa kati ya zama sharaɗi, waɗannan ka cire su tun kafin su buɗe baki.

Malam Habu: Mu ɗan koma kan lokaci. A ce mutum ya cancanta, takardunsa sun cika. Kwana nawa ya kamata ya jira?

Hajiya Rabi: Tambayar da na fi so ke nan, domin jira shi ne hanin da ba a rubutawa. Wanda ya zo neman tallafi ba da ajiya ya zo ba. A Birtaniya mai neman Universal Credit yana jiran kimanin mako biyar kafin kuɗin farko, saboda sai an auna abin da ya samu na wata guda sannan a biya. Da ma mako shida ne, a 2018 aka cire kwana bakwai. Ana iya ba ka wani abu kafin lokacin, amma rance ne, za a riƙa zara daga abin da za a ba ka nan gaba. Ka shiga shirin ke nan da bashi a wuya. A Amurka kuwa, tallafin sayen abinci na SNAP doka ta ce a gama da takardarka cikin kwana 30, in kuma halinka ya yi tsanani cikin kwana 7. Ban ce kullum suna cikawa ba. Amma wa'adin da doka ta rubuta yana ba ka abin riƙewa. Inda babu wa'adi, "ana kan aiki" tana iya kai shekara, kuma ba wanda ya karya doka.

Barista Nafisa: In ƙara a kan na Hajiya. Abu uku nake dubawa in an ce min shiri yana da adalci, sauran duk ado ne. A ba ka shaidar cewa an karɓi takardarka, mai kwanan wata. In an hana ka, a rubuta maka dalili da harshen da za ka gane. Sannan a sami wani wanda ba shi ya yanke hukuncin farko ba da zai sake dubawa. A 1970 kotun ƙolin Amurka, a shari'ar Goldberg da Kelly, ta ce ba a yanke wa mutum tallafin da yake rayuwa a kai sai an saurare shi tukuna, domin in ka yanke sannan ka ce ya ɗaukaka ƙara, da me zai rayu yana jiran hukunci? A Birtaniya wata guda gare ka ka nemi ofishin ya sake duba hukuncinsa, in bai gamsar da kai ba ka wuce kotun sauraron ƙorafi mai zaman kanta. A Afirka ta Kudu kwana 90 ne, kuma can sashe na 27 na kundin tsarin mulkinsu ya sa tallafin a jerin haƙƙoƙi, shi ya sa a 2004 kotun tsarin mulki ta ce baƙi masu izinin zama na dindindin ma sun cancanta. Habasha, a shirinta na tallafa wa matalautan karkara, PSNP, da ya fara a 2005, ta kafa kwamitin ƙorafi a matakin ƙauye.

Maman Iman, ku koma ku nemi dalilin a rubuce, ku tambayi hanyar ƙorafi da wa'adinta. Ku ajiye kwafin duk abin da kuka miƙa. Mutane da yawa wa'adin ne ke wuce su suna jiran a kira su.

Maman Iman: Na gode Anti Barista, Allah ya bar zumunci. Ko rasit ba a ba mu ba ranar, amma za mu koma.

Ɗanladi: Duk na ji. Amma har yanzu ba wanda ya ce min babu macuta. Akwai su, kuma kuɗin da suka ci na wani maraya ne.

Dakta Lawal: Akwai su, ba mai musu. Abin da nake so ka ɗora a ɗaya gefen sikelin shi ne waɗanda suka cancanta amma ko nema ba su yi ba. A Faransa hukumar ƙididdiga ta ma'aikatar jin daɗin jama'a ta gano kimanin kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka cancanci RSA, tallafin marasa abin shiga ko masu ɗan kaɗan, ba sa karɓa. A Birtaniya haka abin yake da Pension Credit na tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi, kusan ɗaya cikin uku. Wasu ba su sani ba, wasu fom ya gagare su, wasu kunya. Macuci ɗaya in an kama shi jarida za ta buga. Waɗannan kuwa ba mai ƙirga su a kasafi, hasali ma rashin zuwansu ragowar kuɗi ce ga baitulmali, shi ya sa ba gwamnatin da ke gaggawar nemo su. A duniya baki ɗaya ma, rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2024 ya ce mutum biliyan 3.8 ba su da kowace irin kariya.

Injiniya Bashir: To Dakta mene ne naka zaɓin? Kowace hanya ka kushe ta.

Dakta Lawal: Inda za a iya, a rage abin da sai an tantance. Botsuwana tun 1996 take ba tsofaffinta fansho ba tare da tambayar abin da suka mallaka ba. Lesoto ta fara a 2004 daga shekara 70, Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya a 2016 ita ma daga 70. Waɗannan ba ƙasashe masu arziƙin a zo a gani ba ne, musamman biyun ƙarshe. Tambaya ɗaya ce: ka kai shekarun? Babu leƙen rufin ɗaki, babu maki.

Ɗanladi: Wato har attajiri in ya tsufa a ba shi? Wannan ai almubazzaranci ne. Kuma shekara 70, mutum nawa ne cikin talakawan ke kaiwa? An ɗaga shekarun ne don kuɗin ya isa, ka ga nan ma an tace, sai dai mutuwa aka bar wa aikin.

Dakta Lawal: Maganarka ta biyu tana da nauyi, ba zan kauce mata ba. Bismarck ma 70 ya sa a 1889, lokacin da ma'aikata kaɗan ne ke kaiwa. Ta farkon kuwa, attajiran da suka kai 70 a ƙasa matalauciya nawa ne? Ka gwada abin da za a ba su da abin da za a kashe wajen aika jami'ai gida gida don a cire su. Kuma in ana son a karɓe, ta haraji ake karɓewa. Amma na yarda wannan ba ya maganin magidanci mai shekara 40 da aiki ya kuɓuce masa. Shi dole a auna, kuma duk abin da Barista ta lissafa ya hau kansa.

Ɗanladi: To ko shekarun ma, wanda ba shi da takardar haihuwa fa? Mai 60 zai rina gemu da fari ya ce 70 gare shi.

Hajiya Rabi: Kai Ɗanladi, ba ka gajiya! Wannan mun yi shi da hannunmu. In babu takarda, sai a duba tsohon katin zaɓe ko na asibiti ko takardar makarantar babban ɗansa. In duk babu, a zaunar da shi gaban sa'o'insa biyu ko uku, a tambaye shi manyan abubuwan da suka faru yana yaro, yana ina, ya kai aike ko bai kai ba. Da wuya ka yi ƙaryar shekara goma a gaban wanda kuka yi wasan ƙasa tare. Za a iya kuskuren shekara biyu ko uku, wani ya shiga da wuri. In ka ce sai takardar haihuwa kuwa, ka cire kusan duk tsofaffin karkara, kuma mata sun fi yawa a cikinsu.

Ɗanladi: Shekara biyu zan iya haƙura da ita, Hajiya. Amma sa'o'in nan a riƙa canza su, kada su zama 'yan kwangilar shaida.

Barista Nafisa: A rubuta sunayensu a fayil ɗin, su sa hannu, kuma a ƙayyade mutum nawa kowannensu zai iya yi wa shaida. Malam Habu, in zaure ya amince, gobe in kawo yadda ake tantance naƙasa, don can rigimar likita da jami'i ta fi wannan zafi.

Malam Habu: Mun amince Barista. A taho mana da batun masu larurar da ba a gani da ido, irin farfaɗiya da taɓin hankali, don su ne aka fi mayarwa gida.